Kiletus da Anakiletus a Bangon Coci

Akwai wani tsoho mai zane a wani ƙauye da ke kan duwatsun Lebanon, sunansa Sarkis. Hannunsa da albarka, amma an fi saninsa da taurin kai. Matarsa Wadiya ce kaɗai ke iya masa.

Ɗansu ɗaya tal, Mikayil. Ya tafi Brazil neman abinci, mutanen can suka murɗe sunan ya koma Migel, shi ma ya karɓa. Ranar da Sarkis ya ji, cewa ya yi, "Ni Mikayil na haifa. Wannan Migel ɗin ban san shi ba."

Bayan shekaru ɗan ya zo ganin gida, uban ya ce kada ya taka masa ƙofa. Sai ɗan ya sauka a Beirut wurin kawunsa, ranar Lahadi zai koma Brazil. Wadiya ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ƙudurta ɗanta ba zai hau jirgi bai ga ubansa ba.

A lokacin Sarkis yana zana Paparomomin farko a bangon coci, bisa jerin da ya haddace a bakin kakansa: Bitrus, Linus, Kiletus, Kilemen, Anakiletus. Wadiya ta kai masa abincin rana, ta tarar da limamin cocin, Abuna Dumit, yana yi masa gyara.

"Baban Mikayil, ka yi mana ƙarin Paparoma. Kiletus da Anakiletus ai mutum ɗaya ne. Sunan aka gajarta, sai wasu magabata suka ƙirga shi sau biyu."

Sarkis ya murtuke fuska daga saman tsani. "To, sai in kankare ɗaya."

Wadiya ta ajiye kwanon kibbe, wato curin nama da alkama, ta zauna daram a kan matakin ƙasa na tsanin.

"Wanne za ka kankare?"

"Ina ruwanki? Duk ɗaya ne."

"Au, duk ɗaya ne? Mutumin da ya rasu tun zamanin manzanni, ka yarda suna biyu bai raba shi biyu ba. Naka kuwa, mai hancinka sak, ka binne shi da rai. Ba inda za ni, kai ma ba ka saukowa."

Abuna Dumit ya shiga duban rufin coci kamar bai ji ba.

Sarkis ya juya ya dubi bangon. Ya kankare fuska ɗaya, ya rubuta sunayen biyu a ƙarƙashin wadda ta rage.

"Tashi mini daga tsani, uwar Mikayil. Je ki ƙara kibbe, yaron nan ci gare shi."

"Wane yaro?"

"Mikayil. Migel. Ki kira duka biyun, wanda ya amsa ya zo."

Darasi: Kada fushi a kan suna ya raba ka da mai sunan. In kuma sulhu kake nema tsakanin naka, ka tsaya kai da fata har sai ya yiwu. Ku tura wa wanda ya daɗe bai kira ɗansa ba.