Wazirin Ƙanzo

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace tare da ganuwarta, malamai suka shaida wa sarki cewa fari na tafe. Sarki ya tara fadawansa ya nemi dabara.

Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a gina rumbu ɗaya wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, a kwaso hatsin kowane gida a sussuke a zuba. Talaka bai iya ajiya ba."

Waziri Barmo, dattijon da ya ɗanɗani yunwa tun yana ƙarami, ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar wa kowa nasa. Gero a zangarniyarsa yakan yi shekaru, amma in aka sussuke shi aka jibge wuri guda, danshi da ƙwari aka tara wa."

To, sarki mutum ne mai son abin da baƙi za su gani su yaba. Ya sa aka gina rumbun, aka kuma yi shela, duk wanda aka samu da ajiyar hatsi za a kore shi daga gari. Da Barmo ya sake tayar da maganar, aka tuɓe masa rawani.

Barmo ya koma gida ransa a ɓace, yana juya shelar a zuciyarsa. Sai ya lura hatsi aka hana ajiyewa, ba a ambaci ƙanzo ba. Ya shiga bin unguwannin talakawa yana roƙon tsofaffin mata su gaya wa na cikin gida kada su ƙara jiƙa tukunyar tuwo su zubar. A kankare ƙanzon a shanya. A busar da kuka da kuɓewa da zogale da tafasa, a zuba a tulu, a liƙe bakinsa da laka. Fadawa suka sami abin dariya, suka raɗa masa suna Wazirin Ƙanzo.

Barmo na da 'ya, Tasalla, tana aure a gidan Galadima, wajen babban ɗansa. Ita ce 'yar farinsa, don haka bisa al'ada bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ya zaɓi tulu mafi cika ya aika mata. Galadima ya maido da shi, ya ce a gaya wa surukinsa gidansa ba a cin abincin awaki.

Damina ta zo ta wuce ba ruwa, ta biyu ma haka. Ranar da aka buɗe babban rumbu, wani zafi da wari suka bugi mutane. Hatsin da ke sama kaɗan ne ya yi kyau, na ƙasa kuwa ya dunƙule ya yi baƙi, ƙwari na yawo a ciki.

Talakawa suka fasa tulunansu, suna jiƙa ƙanzo suna ci da miyar kuka. Sun rame, amma suna nan da ransu. Manyan gidaje kuwa suka rufe ƙofa, don kada a ce yunwa ta shiga gidan mai sarauta. Barmo ya sake aikawa da tulu gidan Galadima, aka ce wa ɗan aiken, "Lafiya lau muke." Hankalinsa bai kwanta ba. Ya je har ƙofar gidan da kansa, kunyar surukuta ta hana shi shiga, ya juyo. Tasalla tana goyo, ɗan abin da take samu 'ya'yanta take ba wa, ita ma kunya ta hana ta aika wa ubanta. Kafin saukar ruwan farko aka kira shi jana'iza.

Bayan an yi shuka sarki ya aika a kira Barmo. Ashe sarkin ma da ƙanzon da kuyanginsa suka ɓoye ya rayu. Ya ce, "Waziri, mun ƙi jin maganarka, mun gani. Ga rawaninka, ga kuma Galadima, yanke masa abin da ka ga dama."

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a rushe rumbun, kowa ya koma ajiye nasa. Shi kuwa kada a taɓa lafiyarsa. A ba shi ƙwarya ya riƙa bin gidaje yana karɓar ƙanzo yana shanya wa marayu, har iyakar ransa."

Sarki ya ce an yi. Ya ƙara da cewa, "An ce kai ma ka yi rashi. Wa ya rasu?"

Barmo ya buɗe baki zai ce yarinyar nan, sai ya fasa. Ya dubi rawanin da ke hannunsa, baƙin ciki ya cika shi, don ya ciyar da gari guda, ya kasa ciyar da mutum ɗaya da ke bayan katanga.

Ya ce, "Tasalla." Fadawa suka sunkuyar da kai, don babu wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa.

Iyakar abin da magabata suka bar mana na wannan labari ke nan.