Zaren da Ya Rage a Ƙusa

An yi wani mutum, wani bawan Allah baduku, a wani gari da ke gindin dutse, tun zamanin da mota sau ɗaya take leƙa garin a mako. Sunansa Cindo. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko shawara za a yi ba a tunawa a kira shi. Amma ku saurara, jama'a, ku ji abin da ya sa nake son mutumin nan.

Takalmin hawan dutse yake ɗinkawa, sau-ciki mai wuya har ƙauri. Ƙasan tsohuwar tayar mota ce, ya tsattsaga ta kunya-kunya don ta kama dutse. Fatar kuwa sai ya ƙosar da ita da man kaɗe da kakin zuma har ta yi laushi. Ka sa shi ka wuni kana tafiya, ba kanta, ba ƙuje. Ka ratsa rafi, ƙafarka a bushe. Har tsokanarsa ake yi wai shi ke korar cinikinsa da kansa, tunda wanda ya sayi ɗaya ba ya dawowa sayen na biyu.

Yana da wata ɗabi'a. Layi biyu na ɗinki yake yi wa ƙasan kowace ƙafa. Kafin ya fara sai ya yanki zare huɗu, ya goge su da kaki, ya rataye a ƙusa. In ƙusa ta zama wayam, aiki ya ƙare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, akwai ungozoma a garin, Iya Tabawa, wadda duk ƙauyukan bayan dutse da ita suka dogara. Ta ba Cindo aikin takalmi. Yana cikin ɗinki aka kira shi jana'izar maƙwabci, ya dawo zuciya a jagule, ya goge takalmi ya ajiye. Washegari bayan azahar, ana yayyafi, sai ga Iya da wani magidanci a gigice, matarsa tun safe take naƙuda a bayan dutse. Ta karɓi takalmi ta zura, suka kama hanya.

Cindo ya juyo zai zauna, idonsa ya faɗa kan ƙusa. Zare ɗaya yana nan a rataye.

Jama'a, zare ɗaya! Layi ɗaya na ƙafar hagu bai ɗinka ba. A busasshiyar ƙasa takalmin zai shekara bai nuna ba. Amma hanyar nan akwai wani falalen dutse mai gangara, in ya jiƙe santsi ne da shi kamar an shafa kuɓewa, ƙasansa kuma kwazazzabo. Matar Cindo, Lantana, ta ce ya bari Iya ta dawo ya gyara a asirce, ga shi da ciwon gwiwa, ga ruwa, ga sunansa da zai zubar a gaban baƙo. Kuma ku lura, ba muguwar mace ba ce, tausayinsa take ji. Ya ce mata, "Ko ba wanda ya gani, ni na gani, kuma Wanda ya halicce ni ya gani."

Ya ɗauki zaren da basilla ya bi su. Yana hawa yana ɗingishi, yana hawa yana kira, har ya cim musu daf da falalen nan. Magidancin ya fusata, ya ce rai na hannun Allah a gida, shi kuma ya tsayar da su kan takalmi. Cindo bai kare kansa ba. Ya durƙusa cikin taɓo ya ce, "Iya, na yi kuskure, aikina bai cika ba. Ɗaga min ƙafarki ta hagu."

Ta ɗaga. Ashe ƙasan ya riga ya fara buɗe baki, yatsa biyu sai su shiga, ita ba ta ma sani ba. Magidancin ya dubi takalmin, ya dubi kwazazzabo. Rigarsa ya cire ya kare wa Cindo ruwa har ya gama ɗinkin. Iya ta taka falalen, takalmi ya kama daram, ta haye. Kafin magariba ta karɓi haihuwa, uwa da ɗiya lafiya.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka Cindo ya rasu. Iya Tabawa ta zo gaisuwa da takalmin nan a ƙafarta. Ta cire na hagu ta nuna wa Lantana wani layi a karkace, ta ce, "Wannan ne kaɗai mummunan ɗinkin da mijinki ya taɓa yi, cikin ruwa. Na kawo masa gyara sau uku, amma wannan layin bai taɓa tsinkewa ba."

'Yan'uwa, amana ita ce ka cika aikin da ba mai dubawa, in ka gaza kuma ka bi mai shi da ƙafarka ka faɗa. Kai makanike, akwai notin da ba ka ɗaure ba. Kai magini, ka san inda ka rage siminti. Ke mai ɗinki, ke ma kin sani. Wani yana can ya ɗora ransa a kan aikinka yana tafiya. In mun tashi daga nan, kowa ya je ya dubi ƙusarsa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa tun mai takalmin bai kai falale ba.