Wa Zai Tashi Gaban Iyayen Yara?

Ku matso, ku bar dariya tukuna. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ranar da na saka wa malami ƙadangare a hula, yau ni zan ba ku labarin masu ilimi, kuma duk garin nan babu mai iya ba da shi kamata.

A makarantar garinmu 'yan aji huɗu su sittin da biyu ne. In suka ɗauki karatu tare, har bakin kasuwa ana jin su. Iyaye na ta alfahari. Sai jami'a ta turo Dakta Zuwaira ta yi bincike tare da malamin ajin, Malam Isiyaku, da hedimasta, Malam Barau.

Dakta ce ta gano ciwon. Ta kira yara ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora yatsa kan kalmar ƙarshen shafi. Shiru. Ashe hadda suke yi, suna bin bugun sandar malam a allo. Su bakwai kacal ke karatu. Amma kafin nan ta yi wata biyar tana raba takardun tambayoyi da Turanci, har ta rubuta wa jami'a cewa yaran ƙauyen nan ba su da kai. Rubutun yana can, da sa hannunta.

Malam Isiyaku ne ya samo maganin. Ya ajiye sandar, ya cika ajin da buhunan taki, kwalayen ashana da ledojin omo, yara suna tsintar haruffa a jikin abin da suke gani kullum a gida. Amma shekara uku ya san ba sa karatu. Da Dakta ta tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, na sani. Ni ma haka aka koya mini."

Hedimasta ne ya buɗe hanya. Ya bar musu ofishinsa don yara su zauna goma-goma, shi ya koma gindin dalbejiya da teburinsa, kuma ya bi gida-gida yana roƙon a daina cire yara ranar kasuwa. Amma shi ne duk zango yake aika rahoton cewa kowa ya iya karatu, kuma in mai duba makarantu zai zo, shi ke zaɓar shafin da za a haddace.

Cikin shekara guda yara hamsin da ɗaya suka iya karatu na gaske. Sai mai gari ya kira taron iyaye, ya dubi su ukun ya ce, "Madalla. Amma yayyensu da suka tafi sakandare da haddar nan fa? Mutum ɗaya a cikinku zai tashi ya gaya wa iyayensu gaskiya, ya nemi gafara. Ba na son hayaniyar mutum uku."

Dakta ta ce ita ce ta zagi yaran a rubuce. Malam Isiyaku ya ce sandar tasa ce. Hedimasta kuwa, gumi kawai yake sharewa da hularsa.

Iyaye sun cika fili, an shimfiɗa tabarmi, ana jira. To, ku da kuka fi ni daɗewa a aji, wane ne a cikinsu ya kamata ya tashi?