Sunan Jatau a Cikin Kwamfuta

Akwai wani matashi mai suna Sharafaddeen, mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a unguwar Alsawra da ke birnin Omdurman. Ya iya aiki, ba ƙarya, sai dai girman kai kamar ya kashe shi.

Kafin zuwansa, Baba Jatau ne ya haɗa shabakar asibitin, wato wayoyin da ke kai sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwaji zuwa teburin likita. Dattijo ne da ya taso a gonakin audugar Jazira, ya koyi aikin da girmansa. Sharafaddeen ya yi ta kai ƙararsa cewa ya tsufa, har aka sallame shi. Bayan wata biyu ya rasu a gidansa da ke unguwar Mayo.

Tun daga nan Sharafaddeen bai ƙara samun sukuni ba. Duk safiya in ya buɗe babbar kwamfuta, sai ya ga sunan "jatau" yana motsi cikin jerin ayyuka, kamar mutumin na nan zaune. Ran nan ya gaji, ya goge sunan, ya kashe kwamfutar ya kunna.

Kafin azahar sakamako ya daina zuwa. Mawahib, ma'aikaciyar jinya, ta shigo a guje ta ce an kawo mai haihuwa tana zubar da jini, injin ya gama gwajin rukunin jininta amma ya ƙi fito da shi, sake gwaji da hannu kuwa zai ci lokaci.

Ya duba wayoyi, lafiya lau. Fitilu duk kore. Ya aika wa kowace kwamfuta saƙon gwaji, ta amsa. Manhajar da ke aiki a ɓoye tana karɓar sakamakon ce kaɗai ta yi shiru.

Mawahib ta jawo wani tsohon littafin Baba Jatau, wanda Sharafaddeen ya tokare ƙafar tebur da shi. A shafi na uku, da rubutu mai karkarwa:

"Ɗana Sharafaddeen, da sunana manhajar karɓar sakamako take tashi. Kada ka goge shi sai ka mayar da ita sunanka tukuna. Na so in nuna maka, ba ka da lokaci."

Da yatsunsa ya sake rubuta sunan a kwamfutar, harafi bayan harafi. Nan take sakamako ya fito, aka ɗaura wa matar jini, ta rayu.

Har yau bai mayar da manhajar sunansa ba. Kullum da safe sai ya ga sunan, ya ce, "Allah ya jiƙanka, Baba, ka yafe mini."

Darasi: Kada ka raina wanda ka tarar a bakin aiki. Ka tambaye shi tun yana da rai, domin wani abin da kake gani yana tafiya da kansa, shi ne ke ɗauke da shi. Ku tura wa wani, ko ya nemi gafara kafin lokaci ya ƙure.