Luguden Tururuwa a Kan Kuluwa

"Ga ta nan, ga ta nanku, yara!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

"To ku matso. Kai Tanko, cire yatsa daga hanci, hanyar baƙi ce, yanzu za ka ji dalili."

Wata mata ce ana ce mata Kuluwa. Kai, Kuluwa akwai taurin kai! In ta ce a'a, ko gari zai taru a kanta, a'a ɗin ce. In ta gama daka kuma ba ta share tsakin da ya zuba a gindin turmi. Maƙwabta su ce, "Kuluwa, ki share mana, tururuwa za su cika miki gida." Sai ta ce, "Gidana ne ko naku?"

Rannan ta bar jaririyarta a hannun kakar yarinyar, ta tafi daji tsinko ganyen kuka. Hadari ya taso, ruwa ya kece. Ta ga kogon wata ƙatuwar kuka, ta faɗa ciki. Shigarta ke da wuya, sai garam! ƙofa ta rufe. Duhu ƙirin, ko tafin hannunta ba ta gani. Ashe gidan Mujiya ne.

Mujiya ta ce, "Lale da baƙuwa! Dama ina neman mai yi mini daka."

Kuluwa ta ce, "Daka? Na bar goyo a gida. Buɗe mini in je in ba ta nono kafin rana ta faɗi."

"Wace rana, 'yar nan? Ai ruwan nan ya kashe ta. An daina wayewar gari."

"Ƙarya kike, tsohuwa!"

Mujiya ta yi dariya, ta ce, "Tunda bakinki na da kaifi, bari mu gani. Sau uku zan tambaye ki, dare ne ko rana. In kin ci duka, ƙofa taki ce. In kin faɗi ko ɗaya, ke da 'yarki sai a lahira." Kuluwa ta ce ta yarda. Mujiya ta fice ta wata 'yar kafa a sama, ta toshe ta.

Kuluwa ta yi barci, ta farka, ta sake yi, ta sake farkawa, har lissafi ya ɓace mata. Nono ya cika yana mata tsami. Da ta tuna da 'yarta, sai ta fashe da kuka, don gaskiya tsoro ya kama ta.

Can ta ji wata 'yar murya a gefen ƙafarta. "Uwar ɗakinmu, share hawayenki. Ni ce Uwar Tururuwa, mu ne masu cin tsakinki. Mu ma a ƙarƙashin ƙasa muke, ba ma ganin rana, amma kin taɓa ganin mun makara?"

Kuluwa ta ce, "Ban taɓa ba. Yaya kuke yi?"

"Lugude muke yi. Turmi ɗaya, taɓare da yawa, wannan ta sauke, waccan ta amsa. Da rana mu yi da sauri, da dare mu sassauta. Mai daka ita kaɗai ta kan ɓata lokaci, amma mu muna jin juna."

Sai tururuwa suka yi layi, kowace da taɓaryarta. Suka hau jikin Kuluwa, suka bi ta hanci, suka wuce can bayan idanu, daidai mararrabar da hanyar idon dama da ta idon hagu suka haɗu. Nan suka kafa turmi.

Sai ga Mujiya ta shigo tana hamma, ta jiƙa fikafikanta da ruwa. "Wash, raɓa! Dare ya tsala. Ko ba haka ba, 'yar nan?"

Kuluwa ta kasa kunne cikin kanta. Ta ji tim-tim-kas, tim-tim-kas, taɓare na tashi sama ana tafi. Ta ce, "Rana ce tsaka, mai idon ƙwarya. Je ki shanya jikinki."

Mujiya ta yi tsaki, ta fice.

Karo na biyu ta sato zakara, ta kawo shi bakin kogo, ta mintsine shi. Zakara ya yi cara, ya ƙara. Mujiya ta ce, "Kin ji, gari ya waye. Ko za ki ƙaryata zakara?"

Kuluwa ta kasa kunne. Ta ji tim... can kuma tim. Ta ce, "Zakaran da ya sha mintsini ai dole ya yi ihu. Dare ne. Ki mai da shi akurkinsa."

Mujiya ta kumbura don haushi. Ta daɗe ba ta dawo ba, tana ƙulla ta uku. Sai ta bari dare ya yi, ta tara karan dawa a bayan kuka, ta cinna wuta, ta ɗan tsaga ƙofa. Haske ya shigo ja wur.

To yara, nan aka yi ta. Idanun Kuluwa sun daɗe ba su ga haske ba. Suna gani suka ruga mararraba suna ihu, "Rana! Rana ta fito!" Tururuwan da ke kusa da hanya suka ɗauki daka da sauri, na can ciki suna yi a hankali. Taɓare suka riƙa karo da juna. Kan Kuluwa ya ɗau sara, zuciyarta na cewa, faɗi rana ki je ga 'yarki.

Mujiya ta ce, "Ina jin ki. Idonki ya gani. Dare ko rana?"

Kuluwa ta ce, "Ba na amsa da gaggawa. Tsaya nan."

Uwar Tururuwa ta daka tsawa, "Ku dakata! Yaushe muka sassauta da har gari zai waye? Kowace ta saurari taɓaryar 'yar'uwarta!" Wannan ta saurari waccan, waccan ta saurari ta gaba. Masu sauri suka ja hannu, lugude ya koma daidai: tim... can kuma tim.

Kuluwa ta miƙe tsaye. "Dare ne! Wutar kara ce kika hura, muguwa. Na ci uku."

Mujiya ta ce, "To na ji. Fita, kuraye na jiran ki a hanya."

"Ni za ki kora cikin dare? Ƙofa tawa ce, ke kika faɗa. Sai na ce a buɗe za a buɗe, kuma ke za ki buɗe da kanki."

Ta koma ta zauna, nono na zuba, ta cije leɓe ta jira. Mujiya kuwa ta maƙale a jikin ƙofa tana gyangyaɗi. Can lugude ya fara ɗagawa, ya ƙara, ya kai tim-tim-kas. Kuluwa ta ce, "Buɗe!"

Mujiya ta ja ƙofa. Rana ta fito ɓul, ta daki idanunta. Ta ƙwala ihu ta faɗa ƙuryar kogo. Kuluwa ta tsallake ta, ta ce, "Ga ranar da kika ce ta mutu, ki gaishe ta." Ta sheƙa gida, ta tarar da 'yarta ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta rungume ta ta ba ta nono, ita ma tana hawaye.

Tun daga ranar Mujiya ba ta iya kallon rana. Tururuwa kuma suka ƙi fita, wurin ya yi musu daɗi, har jikokinsu na cikin kan kowane ɗayanku. Shi ya sa ko a ɗaki mai duhu kuka kwana, jikinku ya san safiya. Shi ya sa kuma wanda ya ƙura wa haske ido da dare yake ruɗa masu lugude, barci ya guje shi. In mugu ya ce maka rana ta mutu, kada ka yarda, ko da ya haɗa da zakara.

Ƙurunƙus, kan tururuwa! Tanko, na ga taɓarenka sun sassauta, tashi ka je tabarma.