Maganin Jatau Yana Bakin Rijiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, tun zamanin da ba famfo, sai rijiya da guga. Sunansa Jatau. Ku matso kusa ku saurara, muryata ba ta kai ta da ba.

Jatau ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: gari na wayewa yana bakin rijiyar unguwa yana jan ruwa. Ya cika randunan masallaci, ya cika na tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu, ko anini ba ya karɓa. Har ta kai in uwa za ta yi wa ɗanta faɗan lalaci, da Jatau take masa misali.

To, akwai abin da gari bai sani ba. Tun yana saurayi amosani ya kama masa ƙashin baya. Ya fara daga ƙugu, ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har ya iso haƙarƙari. Ku da kuke gyaran naman layya kun sani, kowane ƙashin haƙarƙari a maƙale yake da ƙashin baya ta wata 'yar gaɓa, ta gaba kuma guringuntsi ya haɗa shi da ƙashin ƙirji. Waɗannan 'yan gaɓoɓin ne ciwon yake kumburawa har su sandare. Ƙirjin da ya kamata ya buɗe in an ja numfashi sai ya ƙi, kamar an ɗaure shi da igiya. Tari wahala, atishawa kamar sukar mashi. Ko dariya a hankali Jatau yake yi, hannu dafe da gefe.

Ciwon kuma yana da wani hali: kwanciya ce abincinsa. In Jatau ya kwana, da safe sai ya tashi kamar busasshen icce. Amma in ya kama igiyar guga, ya miƙa hannu ya jawo, ya miƙa ya jawo, sai jiki ya yi ɗumi, gaɓoɓin su saki, iska ta sami hanyar shiga. Matarsa Yalwa kaɗai ta san haka. Takan tsokane shi ta ce kowa nasa maganin a ƙoƙo yake, shi nasa a ƙasan rijiya.

Ran nan atishawa ta kama shi yana tsakiyar ja, ya saki igiya ya durƙushe yana riƙe da haƙarƙari. Labari ya kai kunnen Liman Hashimu. Bayan Azahar Liman ya tsai da mutane, ya ce sun ci amanar bawan Allah, yana kashe kansa dominsu suna kallo. Nan take aka yanke cewa Jatau ya huta ke nan. Maƙwabta suka raba jan ruwan a tsakaninsu. Aka kawo masa sabuwar tabarma, mata suka yi ta aiko da kunu da farfesu, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, ya ce kada ya kuskura ya motsa.

Jama'a, alheri ne fa, da zuciya ɗaya aka yi shi. Amma Jatau yana kwance, ciwo yana ƙoshi. Numfashinsa ya koma guntu-guntu. Juyi ya gagara, har Fatiha sai ya yanka ta gida-gida kafin ya kai ƙarshe. Masu dubiya kuwa suna shigowa suna cewa Allah Ya ba su rabin zuciyarsa, shi kuma kunya tana cinsa. In ya faɗi gaskiya za a ce ashe don kansa yake yi. In ya yi shiru, ƙirji zai ƙarasa rufewa.

Yalwa ta ajiye masa kunu wata safiya, ta zauna ta dube shi.

"Malam, yabo ba ya shiga huhu," in ji ta. "Ka zaɓa, ko a kira ka waliyyi kana kwance, ko a kira ka mai wayo kana numfashi."

Da La'asar ya lallaba, yana dafa katanga, har ƙofar masallaci. Da aka idar ya ce yana da magana.

"Allah gafarta Malam, na zo mayar da abin da ba nawa ba. Yabon nan da kuke yi mini, ban cancanta ba. Jan ruwan nan shi ke buɗe mini ƙirji. Don kaina na fara shi."

Ya kwashe bayanin ciwon duka ya faɗa. Sai Ilu maƙeri, wanda jan ruwan safe ya faɗo a kansa, ya buɗe tafin hannunsa da igiya ta saɓule, ya ce ashe su ne suke shanye wa mutum maganinsa, shi ya sa bai warke ba. Aka fashe da dariya, Jatau yana roƙonsu don Allah su bari, haƙarƙarinsa ba zai ɗauka ba.

Liman ya bari aka lafa, sannan ya tambaye shi: in motsa jiki kawai yake nema, ai da ya ja ya zubar a ƙasa. Wa ya aike shi gidajen tsofaffi?

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ruwan ya riga ya fito, Malam. Ina zan kai shi?"

Liman ya sa aka ɗauko guga, ya miƙa masa da hannunsa, ya ce su yafe wa juna, sun yi masa magani ba su tambaye shi inda ke ciwo ba.

Ba zan ce muku ya warke ba, don bai warke ba. Bayansa ya ranƙwafa da tsufa. Amma ya yi ta ja yana numfashi, kuma duk gugan da ya fito sai ya ce alhamdulillahi. Yakan ce da Allah Ya so, da Ya sa sauƙinsa a abin da ba ya amfanar kowa, sai Ya sa shi a ƙishirwar maƙwabta.

To ku ji ni da kyau. Gaskiya ba ta rage wa mutum daraja, ko da yabo za ta ƙwace masa. Wanda yake ɓoye ciwo don kada a rage ganin girmansa, kansa yake cuta. Ku kuma masu lafiya, in za ku taimaki mara lafiya, ku zauna ku tambaye shi tukuna, ba kowane ciwo ke son tabarma ba. Yau ga asibiti Allah Ya kawo mana, wanda Jatau bai gani ba. Duk wanda yake tashi da baya a sandare, ƙirji a ɗaure, ya je a duba shi. Kai kuma da kake jan numfashi ya cika maka ƙirji ba ka ji komai ba, ja shi yanzu ina kallonka, ka gode wa Mai shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cikin masu godiya.