Kande a Kogon Tsamiya

An yi wani cilakowa mai suna Jatau, gwanin daɗin baki, da matarsa Kande mai zurfin ciki. A al'adar cilakowa, idan mace za ta yi kwanci sai ta shiga kogon itace a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga ta miƙa abinci.

Haka aka liƙe Kande a kogon tsamiya da ƙwai uku. Kullum Jatau kan ɗauko fara a baki, ya ratsa ta gaban tsuntsaye don a gani.

"Kai, Kande ta yi dacen miji!" in ji Mujiya, gwaggon Jatau.

Ashe da ya isa sai ya haɗiye farar, ya zura dogon bakin nan ta tsagar ya yi ta saran Kande. Baiwar Allah sai ta rufe ƙwanta da fikafikai, ko tari ba ta yi. In gashinta ya faɗo ƙasa sai ya ce wa tsuntsaye, "Ai kun san masu kwanci da zubar gashi."

Wata rana maƙwabciyarsu Hasbiya, wadda ba ta gani ta ƙyale, ta tsinci gashi da jini a jikinsa. Ta leƙa tsagar.

"Kande, lafiya?"

"Lafiya lau. Itace ne ya ƙuje ni."

"Ƙarya kike! Itacen ne ya kumbura miki ido? Ƙwanki nawa yanzu?"

Ashe jiya Jatau ya fasa ɗaya.

"Biyu," in ji Kande. "Wa zai yarda da ni? Kowa yabonsa yake yi."

Hasbiya ta tashi fir, ta dawo da Mujiya, ita kuwa Mujiya sai faɗa take yi. "Jatau nawa? Sharri ne!"

Tsoro ya cika Kande, amma ta dubi ƙwanta biyu, ta sa baki ta farfasa lakar. "Gwaggo, shiga ki zauna a wurina, ki ji da kanki."

Suka kai ƙwan sheƙar Hasbiya, suka liƙe Mujiya a ciki. Kande ta laɓe cikin ganye.

Sai ga Jatau. "Uwargida ran gida, ga kalaci!" ya faɗa da ƙarfi. Ya haɗiye farar, ya sassauta murya. "An ce kin yi hira da Hasbiya. Yau sai na fasa sauran." Ya kai sara.

Caraf! Mujiya ta damƙe bakin da faratanta.

"Ni ka sara, ɗan banza? Ku taru ku ga mijin kirki!"

Tsuntsaye suka cika tsamiya. Ga Jatau a rataye yana fuffuka, gwanin magana ya kasa cewa uffan. Kande ta fito fili, kowa ya ga raunukanta. Ranar aka kore shi daga dajin, ita kuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta biyu lafiya.

Darasin wannan labari shi ne, yabon mutane a waje ba ya nuna halin mutum a cikin ɗaki. Wanda ake cuta ya faɗa, wanda aka faɗa wa kuma ya saurara tun kafin a yi hasara.